Loretta Bilyk da Kashin Ɓerayen Ɗaki na Shida

Shekara talatin da ɗaya Loretta Bilyk ta yi tana kwashe kashin ɓera a ƙarƙashin ginin makarantar likitoci ta garinmu, Winnipeg, kuma ban taɓa jin ta yi wa aikin kwalliya ba. A takardar ma'aikata an rubuta mata "jami'ar kula da dabbobin bincike, mataki na biyu". Ita kuwa in aka tambaye ta a wajen biki ko bayan an tashi daga coci, sai ta ce, "Ɓeraye nake sauya wa shimfiɗa," ta ci gaba da cin abincinta.

Ni sunana Maxine. A hawa na uku nake aiki, inda nake yanka hanjin ɓera siriri-siriri, in ɗora a gilashi, in zuba masa launi, in leƙa ta madubin likita in ƙirga abin da aka ce in ƙirga. Shekara ashirin da biyu muka yi muna cin abincin rana a teburi ɗaya da ita, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

A arewacin gari aka haife ta. Mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mahaifiyarta kuwa ita ce shugabar matan da ke murza perogi, wato ƙullin fulawa mai dankali a ciki, a ƙasan coci duk ranar Alhamis. Ta shigo wajenmu tana da shekara ashirin da huɗu, da niyyar ta yi wata shida ta tara abin da za ta koyi gyaran gashi. Wata shidan ne ya miƙe. A nan ta auri Walter direban bas, a nan ta haifi 'yarta wadda yanzu take Calgary, a nan kuma aka zo aka gaya mata zuciyar Walter ta tsaya yana sharar ƙanƙara a ƙofar gida. Kwana huɗu da binne shi ta dawo aiki. Da na ce mata ai da ta ƙara hutawa, sai ta kama katin shiga da ke rataye a wuyanta ta ce, "Maxine, in ba don wannan abin ba, me zai tashe ni da safe?"

Ɗaki na shida shi ne nata. Akwai ɗumi, akwai wari, akwai tsohuwar rediyo a kan kanta, kuma tana yi wa ɓerayen magana kamar yadda ake yi wa maƙwabta ta kan shinge. Komai nata a robar man shanu take zubawa. In ta buɗe roba a teburin abinci, ba ka sanin ko miyar kabeji za ka gani ko maɓallai ko zaren saƙa.

Ɓerayen ɗakin na Farfesa Gordon Halvorsen ne, maigidanmu. Dogo ne, mai son a ce ba shi da girman kai. Duk sabon ma'aikaci sai ya ce masa, "Kira ni Gord kawai, nan duk ɗaya muke." Amma ka kuskura ka manta da rubuta muƙaminsa a allon sanarwa, sai ya yi kwana uku bai amsa gaisuwarka ba. Loretta dai ba ta taɓa kiransa komai ba sai Dakta.

Abin da ya sa aka san shi abu ɗaya ne, kuma duk baƙon da ya zo sai ya sha bayaninsa a tsaye. A cikin hanji akwai wata shimfiɗa mai laushi mai yauƙi, ƙwayoyin halitta ne suka jeru kafaɗa da kafaɗa, layi ɗaya tak, su ne katanga tsakanin jiki da duk ƙazantar da ke wucewa. Idan kumburi ya tashi, ƙwayar da ta galabaita ko cuta ta shige ta takan fito da wata alama a bayanta, mu muna ce mata tuta. A tsakanin ƙwayoyin nan akwai 'yan sintiri na garkuwar jiki, kullum suna laluben bayan kowa. Wadda suka ji tuta a jikinta sai su kashe ta, maƙwabtanta su matso su toshe gurbin, katanga ta tsira. Tutar nan ita nake shafa wa launi ta fito ja, ita nake ƙirgawa.

Wata rana yana cikin wannan bayani ga wasu baƙi daga Toronto, Loretta ta zo wucewa da amalanken kejuna. Ta tsaya ta saurara, sannan ta ce, "Wato wadda ta gaji ita ke kai ƙarar kanta."

"Ba haka ake faɗa a kimiyyance ba, Loretta."

"To yaya ake faɗa, Dakta?"

Ya faɗa a kimiyyance, ya ɗauki kusan minti shida. Baƙin suka rubuta maganarta a littattafansu.

Sai aka gina mana sabon gini. Wani attajiri mai sayar da takin zamani ne ya bayar, gilashi tun daga ƙasa har sama, da sunansa a goshi da haruffan da suka fi ni tsawo. An ce babu gidan dabbobin da ya kai shi tsabta a duk yammacin ƙasar. Kafin ka shiga wajen ɓeraye sai ka tuɓe, ka yi wanka, ka sa rigar takarda da hula da takunkumi da safar hannu biyu, sannan ka tsaya a wani akwati iska ta yi ta dukanka. Abincin ɓeraye a dafa shi a injin, ruwansu a tace, garin katakon shimfiɗarsu ma a gasa. Su kansu ɓerayen ba a yarda su ƙaura da ƙafarsu ba. 'Yan tayi aka ciro daga tsofaffin, aka dasa a cikin iyaye masu tsabta, aka haife su a can ba su taɓa shaƙar warin kakanninsu ba.

Shugaban sabon gidan Brent Dufresne ne, mutum mai takardun shaida bakwai a bango, wanda yake goge hannu da magani bayan ya gaisa da kai, a gabanka. Abu na farko da ya yi shi ne ya tura Loretta kwas na kwana biyu kan yadda ake riƙe ɓera. Da ɓeran roba aka koyar da su. Ta samu saba'in cikin ɗari, wai ta riƙe shi da sakaci. Ya hana rediyo. Ya kuma manna doka a kowace ƙofa da jan rubutu: duk wanda ya shigo da wani abu daga waje, komai ƙanƙantarsa, a ranar za a karɓe katinsa.

Ranar da za a rufe tsohon gidan na sauka in taya ta kwashe kaya, na same ta tana cika robobi uku da tsohuwar shimfiɗar ɗaki na shida, garin katako da kashi da komai.

"Ke, me za ki yi da wannan?"

"Firizata ta gida akwai wuri."

"Kusa da abinci? Loretta, kin haukace?"

"An rufe da murfi. Ke dai riƙe mini jaka."

Ta san abin da take yi. Tun da daɗewa ta lura cewa ɓeran da aka sayo daga waje ba ya yin ciwon da Farfesa yake so sai ta zuba masa cokali guda na tsohuwar shimfiɗa a kejinsa. Ɓera dai yana cin kashin ɗan'uwansa, halinsa ne, ta nan yake gadon ƙananan halittun da ke zaune a hanjin dangi, su ne kuma masu tsokanar katangar nan har ta kumbura. Shekara da shekaru tana yin haka ba wanda ya sa ta. Ta taɓa gaya wa Farfesa sau ɗaya a matakala, ya ce, "Abin sha'awa, abin sha'awa," yana duban agogo.

A sabon gini ɓeraye suka yi ƙiba, gashinsu na sheƙi, lafiya ta ishe su. Ni kuwa na shiga uku. Ina yanka hanji, ina zuba launi, ina leƙawa, ba tuta ko ɗaya. Katanga lafiya lau, 'yan sintiri na zaune ba aikin yi. Wata takwas muka yi a haka. Farfesa ya ce launina ne ya lalace, na sayo sabo. Ya ce hannuna ne ya tsufa, na haɗiye. Ya zargi ruwa, ya zargi fitilu, ya zargi wani abokin hamayyarsa na Boston da bai taɓa taka garin ba. Ga shi an gayyace shi babban taro ya yi jawabi a kan aikin rayuwarsa, aikin kuma ya ƙi fitowa. Mutumin ya rame har ya daina cewa a kira shi Gord.

Ranar wata Talata ya zo ɗakin cin abinci neman madarar kofi, Loretta ta ce, "Dakta, ɓerayenka ba su da laifi. Tsabta ce ta yi musu yawa. Ina da tsohuwar shimfiɗa a gida, in ka nemi izini..."

"Izini? Kin san wata nawa kwamiti ke ɗauka? Taron saura mako bakwai." Ya waiga ya ga ba kowa sai ni. Ya rage murya. "Ban ji abin da kika ce ba, Loretta. Ni ba zan taɓa sa ma'aikaci ya karya doka ba. Amma ita halitta tana da hanyoyinta. In wani abu ya faru da kansa, ai ba wanda zai yi fushi da halitta."

Ya ɗauki madararsa ya fita.

"Kin ji shi ko?" na ce. "Ya wanke hannunsa tas. Kada ki soma. Katinki ne fa."

"Na ji shi."

"To?"

"Maxine, in aka rufe ɗakin gwajinku, ɓerayen nan duk kashe su za a yi. Ke ma gida za ki tafi. Ci abincinki."

Washegari ta yanke yatsan safar hannu, ta cika shi da tsohuwar shimfiɗar, ta ƙulle, ta tusa a cikin ƙullin gashinta. Ta yi wanka ba ta jiƙa kai ba, ta ɗora hula, ta tsaya iska ta daki bayanta, ta wuce. Keji arba'in ta bi, kowanne ɗan kaɗan.

Bayan mako uku na leƙa madubi na ga ja ko'ina, tuta a kan tuta, 'yan sintiri sun yi dafifi. Wallahi sai da na yi ƙwalla, rabi don murna rabi don tsoro. Farfesa ya leƙa, ya miƙe, ya tara ɗalibai ya yi musu huɗuba a kan haƙuri. Ya ce mai bincike na gaskiya ba ya gaggawa, jira yake yi gaskiya ta bayyana kanta. Ya je taronsa aka yi masa tafi a tsaye, ya dawo mana da alewa.

Abin da muka manta shi ne, duk wata uku Brent yana aika samfurin kashin ɓeraye a auna. Sakamako ya dawo da sunayen halittu goma sha ɗaya da ba su da izinin zama a gininsa. Ya kira taron gaggawa da ƙarfe goma na safe, mu kusan talatin, har da shugabannin sauran ɗakunan gwaji. Fuskarsa ta yi fari kamar an shiga gidansa an yi sata.

Ya karanta doka. Idan ba a san ta inda ƙazanta ta shigo ba, dole a ɗauka ta ko'ina ce, a kashe duk ɓerayen ɓangaren, dubu huɗu da wani abu, a yi wa ginin hayaƙi. Idan kuwa an san tushenta, ɗaki ɗaya za a killace a ba su magani. Wata farfesa mai binciken ciwon suga ta dafe kai, aikinta na shekara tara ke cikin kejunan nan.

"Akwai wanda ya san wani abu?" in ji Brent.

Farfesa Halvorsen ya sa ido a cikin kofinsa kamar an rubuta masa wasiƙa a ƙasa. Ni ma, ba zan ɓoye ba, takalmana na duba. Da aikin nan na dogara, na ji tsoro, na yi shiru, kuma har yau in na tuna kunya nake ji.

Loretta ta ɗaga hannu.

"Tambaya gare ki, Misis Bilyk?"

"A'a, amsa gare ni. Ni na kawo. Daga tsohon ɗaki na shida ne, ba daga titi ba. Keji arba'in na Dakta kawai na zuba wa, sauran ban taɓa ba."

"Ta ina kika shigo da shi?"

Ta nuna ƙullin gashinta. Brent ya ja kujerarsa baya.

"Wani ne ya sa ki?"

Ta dubi Farfesa. Ya ɗaga kofin da ba komai a ciki ya kurɓa.

"Ba wanda ya ce in yi," ta ce. Kuma gaskiya ta faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Kafin azahar an karɓe katin. Ba a ce an kore ta ba, mu nan ba a korar mutum, an ce ta zaɓi yin ritaya da wuri. Ranar Juma'a aka yanka kek a hawa na uku, aka ba ta kofi mai hoton sabon gini. Farfesa ya yi jawabi ya ce Loretta tamkar uwa ce ga wannan iyali. Ta ci kek ɗinta, ta zuba ragowar a robar man shanu, ta tafi tashar bas.

Ɓeraye dubu huɗu suka tsira. Na Farfesa aka ɗura musu magani mako shida har hanjinsu ya koma fes, gilasaina suka sake zama fanko. Wannan karon bai zargi launina ba. Ya zauna ya rubuta wa kwamiti takarda mai shafi goma sha huɗu, yana neman izinin shigo da abin da ya kira "Rukunin Halittun Hanji na Asali, Samfurin Halvorsen". Ya bayyana cewa bayan dogon nazari ya gano su ne ke tayar da kumburin da ke sa ƙwayoyi ɗaga tuta. Kwamiti ya yi wata biyar, ya amince, har ya yaba masa da hangen nesa.

Sai aka tashi neman samfurin. Tsohon gidan dabbobi an riga an fasa shi an mai da shi wajen ajiye motoci. A duk duniya ba inda Samfurin Halvorsen ya rage sai firizar Loretta, tsakanin perogi da kifin da surukinta ya kamo.

Ya aike ni. Na same ta a falo da rana tsaka, rediyon nan ta ɗaki na shida tana yi, ita kuma tana zaune da rigar barci, abin da ban taɓa gani ba. Ta rame. Ta ce, "Ce masa ya zo da kansa."

Ranar Asabar muka je tare. Ta sa shi ya cire takalma a ƙofa, ta zaunar da shi a kicin, ta soya perogi da albasa ta tura masa faranti.

"Loretta, ba sai kin wahala ba, sauri muke..."

"Ci, Dakta. Daga firiza ɗaya suka fito da samfurinka."

Ya ci. Har guda bakwai na ƙirga, ƙirga ai sana'ata ce.

"Kin san na yi baƙin cikin yadda abubuwa suka kasance," ya ce. "Hannuna a ɗaure yake. Amma zan sa sunanki a cikin godiya, a ƙarshen takarda."

"Bar sunan. Abu ɗaya nake so. In shiga in zuba wa ɓerayen da hannuna, in gan su. Ko awa ɗaya ce."

"Wannan ai ƙaramin abu ne! Zan yi wa Brent magana."

Ya yi masa magana, ta wasiƙa, layi biyu. Brent ya amsa da shafi guda: wanda aka taɓa karɓe wa kati saboda karya dokar tsabta ba ya sake shiga, ko a matsayin baƙo. Farfesa ya turo mini amsar ya ce in sanar da ita cikin hikima.

Na zaci za ta hana su shimfiɗar. Ni da ni ce, da na zuba abin a shara na aika masa hoto. Na gaya mata haka.

"Su ɓerayen me suka yi mini?" ta ce. "In ba su yi ciwon nan ba, ba su da amfani a wajensa. Kin san abin da ake yi wa marasa amfani."

Ranar Litinin da safe ta zo da kanta, cikin sanyin da ke daskarar da gashin hanci, ta hau bas biyu da roba a cikin jakar saƙa. Na tarye ta a ƙofar gilashi. Brent ya fito da safar hannu da takarda a kan allo, Farfesa na bayansa da mai ɗaukar hoto na jaridar makaranta. Aka manna wa robar man shanu lamba, aka rataya mata kati a murfi, nata na kanta, da hatimin kwamiti.

"Cokali ɗaya a kowane keji," Loretta ta ce wa Brent. "Ranar Litinin, bayan an sauya shimfiɗa. Kuma a riƙa yi musu magana, ba sa son shiru."

Ya rubuta cokali, ya rubuta Litinin. Da ya zo kan na ukun, ya duba takardarsa sama da ƙasa bai ga gurbinsa ba, ya mai da biro aljihu.

Mai hoto ya ce, "Baba, ɗan matsa gefe kaɗan." Ta matsa. Farfesa ya riƙe robar da hannu biyu ya yi murmushi, aka ɗauka. Sannan Brent ya kara katin robar a jikin ƙofa, fitila ta yi kore, ƙofa ta buɗe, suka shige da ita.

Muka tsaya a waje muna kallonsu ta gilashi har suka sha kwana. Loretta ta kai hannu wuyanta, inda igiyar kati ta yi shekara talatin da ɗaya, ta laluba ba komai, sai ta gyara mayafinta.

"Bas ɗina na ƙarfe tara da kwata ne," ta ce. "Koma ciki, Maxine, kada ki makara."